Tsagar da Alli Ya Tona a Wuƙar Ƙanƙara

Jiya da hantsi wani saurayi ya tsaya a bakin rumfata da sabon injin washi a kafaɗa, irin mai aiki da lantarki. Ya tarar na rataye wuƙar wani mahauci a zare, ina kaɗa mata ƙusa kusa da kunnena. Ya yi dariya ya ce, "Baba Ila, waya kake yi da ita?" Na ce i, labarin gidansu take ba ni. Ya ce shi kam kafin in gama gaisawa da wuƙa ɗaya ya wasa goma. Ban musa masa ba, don gaskiya ya faɗa. Amma tunda ku samarin yanzu kun ɗauka washi bai wuce a manna ƙarfe a dutse tartsatsi ya tashi ba, bari in rubuta muku abin da shekara talatin da 'yan kai a Libreville suka koya mini. Kaifi shi ne ƙarshen aikin. Farkonsa shi ne ka san ko ƙarfen da aka miƙo maka ya cancanci a ba shi kaifi.

Rumfata tana unguwar Derrière la Prison, a wani lungu da ruwan sama ke mayarwa rafi rabin shekara. In ka cire babban dutsen da nake juyawa da ƙafa, sauran kayan aikina ba su cika akwati ɗaya ba: magagari uku, duwatsun hannu masu kaushi da masu laushi, fatar goge baki, da matsin ƙarfe da mutanen nan ke kira eto. Waɗannan kowa ya san amfaninsu. Waɗanda ake yi mini dariya a kansu su ne gutsuren gilashi mai kauri da na tsinto inda aka rushe wani ofis, da zaren ɗinki, da ƙusa guda ɗaya, da kwalbar kananzir, da garin alli a gwangwanin madara. Teloli suna kawo mini almakashi, matan da ke fere kifi a tashar jiragen ruwa ta Port Môle suna kawo wuƙaƙensu da gishirin teku ya ci, masu aski su kawo kilifa, masu yankan ciyawa su kawo adda. Kowa a cikinsu sauri yake yi. Kowa kuma sai ya jira na gama da gilashin da zaren.

Almakashin wani tela ɗan Mali ne aikin farko da na gano aibinsa da kaina, kuma wata huɗu ke nan da na fara zama a gindin Maigida Abdu. Ba'adare ne daga Tawa, dogo, mara yawan magana, yana da dutse da ya harhaɗa da ƙafar keke. Na zo garin nan da niyyar sayar da agogo, agogunan suka ƙi fita, shi ya ce in zo in zauna. A wata huɗun nan bai bar ni na kusanci dutse ba. Aikina shi ne in karɓi ƙarfe, in wanke, in goge, in kwantar da shi a kan gilashi in duba ko haske na ratsawa ta ƙarƙashinsa. In haske ya ratsa, ƙarfen ya karkace. Sai in goga masa magagari a baki: in magagarin ya zame yana ƙara, ƙarfen ya yi tauri yadda ake so, in kuwa ya kama yana ci kamar an sa haƙori a rogo, ƙarfe ne mai laushi, ba zai riƙe kaifi ba. Daga nan in rataye shi a zare in kaɗa masa ƙusa.

"Me ta ce maka?" haka yake tambaya, idonsa a kan aikinsa.

"Ta yi ƙara, Maigida."

"Jaki ma yana ƙara. Amarya ce ke guɗa, ko tsohuwa ce ke tari?"

Sai da kunnena ya buɗe na gane nufinsa. Ƙarfe mai lafiya, in ka kaɗa shi, muryarsa tana tafiya can nesa, tana sirancewa a hankali kamar mai waƙa da ke sauka gangaren rafi, har ka kasa cewa ga inda ta tsaya. Mai tsaga kuwa sai ya ce ƙwas, ya yi shiru, kamar an toshe masa baki. Ranar da almakashin telan nan ya ce mini ƙwas na faɗa wa Maigida kafin ya tambaya. Ya ɗago kai ya dube ni, abin da bai saba ba, ya ce in ɗauko kananzir. Ya shafe ƙarfen da shi, muka jira kamar tsawon shan shayi, ya goge tas har ya bushe, ya barbaɗa garin alli, ya ɗan ƙwanƙwasa. Can sai ga wani siririn layi mai duhu yana fitowa a cikin farin allin, kusa da ƙusar tsakiya. Kananzir ɗin da ya shige cikin tsagar ne yake dawowa waje. Ya ce, "Ido ba ya ganinta, amma mai ya san hanyar gidanta." Telan ya yi ta rantsuwa cewa sabo ne, sati biyu da saye. Maigida ya ce, "Ai da ita aka haife shi."

Wannan maganar ita ce ba ku yarda da ita. Kun ɗauka lalacewa daga tsufa take zuwa. Yawancin tsagar da na gani a rayuwata daga masana'anta ta taso: wajen ƙona ƙarfe da tsoma shi a mai an yi gaggawa, ko wajen walda wuta ba ta ratsa ba, sai a shafe sama da fenti ko a yi masa ruwan azurfa mai ƙyalli, a manna takardar shaida, a rufe kwali. Wanda aka sa ya duba a can shi ma ɗan Adam ne, yana jin yunwa, yana duban agogo, ƙarafa dubbai suna wucewa ta gabansa.

Ni ma da na sani sai da na manta. Shekara biyu bayan Maigida ya koma Tawa ya bar mini dutsen, wani mai shago ya shigo da adduna sababbi cikin kwalaye, kowace a naɗe da takarda mai maiƙo, da hatimin masana'anta a jiki. Lokacin share gonaki ne, masu saye suna ɗauka su wuto kai tsaye wurina a buɗe musu baki. Layi ya yi tsawo har bakin kwalbati. Na dubi maiƙon nan, na dubi hatimin, na ce sabon abu me za a duba a jikinsa. Na ajiye zaren, na yi ta taka dutse. Cikin sati uku suka fara dawowa gida biyu-biyu. Ɗaya ta karye a hannun wani magidanci yana saran reshe a gonar rogonsa, gutsuren ya tashi ya shige masa ƙwauri. Matarsa ta zo rumfata da guntun a ƙunshe a zane, ba ta yi ihu ba, ta ajiye a kan gilashina ta tsaya tana kallona. Na ɗauki guntun na duba bakin karayar: rabi fari ne sabo, rabi baƙi ne, tsohuwar tsaga ce tun daga wuta. Da na kaɗa mata ƙusa sau ɗaya da na ji.

Ba wanda ya ce masana'anta ce. Abin da ya zaga unguwa shi ne Bahaushen nan yana ƙona ƙarfe a dutse. Shekarar nan dutsena ya yi gansakuka. Na koma dako a Port Môle, ina sauke buhunan ayaba daga jiragen ruwa, da la'asar in zo in buɗe rumfa in zauna ni da kaji. Mutum na farko da ya dawo mini da aiki shi ne Alhaji Mamuda, babban mahauci ne mai tebura da dama a kasuwa da ɗakin sanyi na ajiye nama. Bazazzagi ne, ni kuwa Bakano, don haka tsakaninmu ba a gaisuwa sai da tsiya. Ya zo da buhu guda na wuƙaƙe ya zube a gabana ya ce, "Bakano, an ce kana kashe ƙarfe. Ga nawa, kashe su in gani, dama na gaji da su." Tun daga ranar, duk Litinin wuƙaƙen teburansa suna zuwa. Da sauran mahauta suka ga haka suka biyo. Rabin abin da nake ci daga hannunsa yake fitowa, kuma ni da shi duk mun san haka.

Shi ne kuma ya kawo mini ƙarfe mafi ban mamaki da na taɓa riƙewa. Ranar wata Alhamis ce, ruwa ya ɗauke, rana ta fito tana tayar da tururi daga kwalta. Ya sauko daga taksi da wani farin kwali a hammata, yana tafe yana murmushi kamar ango.

"Bakano, wanke hannunka. Yau za ka ga abin da kakanka bai gani ba."

"Me Bazazzagi zai nuna mini, in ba doya ba?"

Ya buɗe. A ciki, kwance a kan soso mai laushi, wasu ƙarafa ne guda biyu masu ƙyalli kamar madubi, tsawon kowane ya ɗan fi tafin ƙafa. Wuƙa ba wuƙa ba. Gindin ya ɗan lanƙwasa kamar cikin kwalekwale, a gaba akwai haƙora kamar na zarto, a sama kuma ginshiƙai ne suka ɗauki faranti biyu masu hujin sukurori, ɗaya na tafin ƙafa, ɗaya na diddige. Ya ce na 'yarsa Zulai ne. A nan aka haife ta, ta yi makarantar Faransanci, ta tafi karatu Faransa, can ta koyi wani wasa da ake ɗaura wannan ƙarfe a ƙarƙashin takalmi a yi ta zamiya a kan ƙanƙara. Ta zo hutu. Ya ji tana gaya wa uwarta nata ƙarafan na hannu ne ta saya, sun cinye, ga shi tana da jarrabawa a wasan da ta koma. Sai a asirce ya sa wani abokinsa mai zuwa Turai ya sayo masu kyau. Ran Lahadi za ta tashi.

"Na taɓa bakin, ko tumatir ba zai yanka ba," in ji shi. "Ka wasa mini su kamar aska. Ina so in miƙa mata abu a shirye."

Na juya ɗaya na duba ƙasan. Ba baki ɗaya ba ne irin na wuƙa. Yana da faɗi kamar kaurin tsinken tsire, tsakiyar ta ɗan yi kwarmi, gefe da gefe kowane da nasa kaifin. Na ce, "Alhaji, wanda ya yi wannan kwarmin da gangan ya yi shi. In na mayar da shi aska na kashe shi. Ba zan kai shi dutse ba sai mai shi ta zo ta gaya mini yadda yake aiki. Amma bari in gaishe su tukuna."

Na kwantar da su a gilashi, haske bai ratsa ba. Magagari ya zame a bakin kowane. Na rataye na hagu na kaɗa masa ƙusa, wallahi ban taɓa jin murya irin wannan ba, siririya, mai tsabta, ta daɗe tana yawo a ƙarƙashin kwanon rumfar. Na rataye na dama. Ya fara waƙar, sai ta yanke a tsakiya. Na sake, ta sake yankewa. Na canza zare, na canza inda nake bugu. Alhaji yana ta ba ni labarin abin da Zulai za ta ce in ta gani. Ni kuwa na riga na miƙa hannu ga kwalbar kananzir.

"Kai, kai, me za ka shafa wa kayan Turai?"

"Ba ya ɓata komai, Alhaji. Zauna."

Layin ya fito a inda ginshiƙin baya ya haɗu da farantin diddige, wurin waldar. Bai fi kaurin gashi ba, amma ya zaga fiye da rabin ginshiƙin. Na goge na sake yi daga farko, don kada in ɗauki alhakin mutanen da ban sani ba. Ya sake fitowa a wuri ɗaya.

Alhaji ya sunkuya ya duba, ya miƙe. Ya zaro wata 'yar takarda daga kwalin, mai hatimi zagayayye da sa hannu. "Ka iya karatun wannan? An duba, an tabbatar. Injiniyoyi ne suka duba, da na'ura. Kai kuma da allin 'yan makaranta."

"Na ga takardar. Takardar lafiyarta ƙalau. Ƙarfen ne ba shi da lafiya."

"Malam Ila," ya ce. Tunda muke bai taɓa kirana haka ba. "Kyauta ce zan yi wa 'yata. Ba shawara na zo nema ba."

Na ce ya kira ta. Ya ce in ya kira ta ai kyautar ta tashi daga ba-zata. Na ce gara hakan. Mai gasa masara ta gefe ta daina fifita. Can ya ciro waya ya juya mini baya.

Bayan azahar ta iso daga gidansu na unguwar Plaine Orety, doguwa, da ɗan gyale a kafaɗa, Hausarta tana tafe tana tuntuɓe da Faransanci. Ta rusuna ta gaishe ni. Da idonta ya faɗa kan kwalin sai ta dafe baki da hannu biyu. "Papa! Papa, kai ne?" Ta ɗauki na hagun ta rungume a ƙirji kamar jariri. Alhaji ya dube ni ta saman kanta, kallon da ke cewa to, ka gani, sai ka ɓata wannan in ka isa.

Na ce, "'Yata, nuna mini yadda ake yi da su."

Ta buɗe waya ta nuna mini. Ni ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin akwatunan kifi. Wannan kuwa fili ne guda, fari fat, fitilu sun zuba a kansa kamar farin wata a kan ruwa. Ga yarinya cikin baƙaƙen kaya tana tafiya ba tare da ta taka ba, tana kwanciya gefe kamar tsuntsuwa mai juyawa a iska, ƙarfen yana zana siririn layi a bayanta. Sai da ta matso kusa na gane ita ce. Ta bayyana mini cewa kwarmin nan shi ne rai: kaifi ɗaya na ciki, ɗaya na waje, a kansu take jingina. Ta yi dariya da ta ji abin da mahaifinta ya so a yi. "Papa, aska? Da na nutse kamar wuƙa a biredi!" Ta ce can akwai mai injin da ke wasa su, ba sai na yi ba. Ina cikin kallo sai na ga ta juya baya, ta soka haƙoran a ƙanƙara, ta tashi sama ta juya, ta sauko.

"Tsaya. Mayar da shi baya. Da wace ƙafa kika dira?"

"Dama, Baba. Kullum dama, da baya-baya."

"Sau nawa a rana?"

"In ina shirin jarrabawa? Ban ƙirgawa."

Na ɗauki na daman na nuna mata layin cikin alli. Ta daɗe tana kallo. Na ga ta fahimta tun kafin in gama magana, don ta san nauyin da ke sauka a diddigen nan fiye da ni. Amma sai ta saci kallon mahaifinta, ta ga fuskarsa, ta ce a hankali, "Wataƙila ƙyallin sama ne kawai ya tsage. Zan gwada su a hankali, Papa. Suna da kyau sosai."

Nan ne wurin da nake so ku tsaya ku duba, ku masu wasa goma kafin in gama ɗaya. Ba a ce in wasa komai ba. Aikina ya ƙare. Ina iya goge allin, in mayar da su kwali, in ce Allah ya sa alheri, Litinin wuƙaƙe su zo kamar kullum. Yarinya ta yarda, uba ya yarda, takarda ta yarda. Kuma ba ni da tabbacin zai karye. Na ga tsagaggen ƙarfe ya yi shekara yana aiki, na ga wanda bai kai la'asar ba. Alli yana nuna maka tsaga, ba ya gaya maka rana.

Akwai kututturen da nake sara a kai, yana da tsaga a tsakiya. Na cusa bakin ƙarfen daman a ciki, farantan suna kallon sama, na danna shi ya zauna daram. Na jawo benci kusa.

"Alhaji, hau nan."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Ba wasa ba ne. In ka tsaya a kansa kawai, zai iya ɗaukarka, ban ce ba zai ɗauka ba. Amma ita ba tsayawa take yi ba. Hau bencin, ka diro a kansa da ƙafar dama, da diddige, kamar yadda ka gani a waya. In ya riƙe ka, na yi ƙarya, ka faɗa wa duk kasuwa Bakano ya tsufa. Ni da kaina zan taya ka faɗa."

"Baba Ila, don Allah," in ji Zulai.

Mutane sun fara taruwa, don a unguwarmu ba a rasa masu lokaci. Wani tela ya leƙo da almakashi a hannu, mai masara ta baro gawayinta. Alhaji mutum ne da ba a ƙalubalantarsa a gaban jama'a. Ya cire hularsa ya miƙa wa 'yarsa, ya tattare babbar rigarsa, ya tuɓe takalmin dama. Ya hau bencin, bencin ya yi ƙara. Ya ɗaga ƙafa ya saita ta a kan farantin diddige.

Na san abin da na jawo. In ya dira ya riƙe, sunana ya sake mutuwa, a bainar jama'a wannan karon. In ya dira ya karye, na raunata mutumin da ya farfaɗo da ni. Na matsa kusa na buɗe hannuwa don in tare shi, ko da yake ya ninka ni jiki.

Ƙafar ta tsaya a sama. Yana duban ƙarfen, da ɗan layin nan mai duhu a cikin alli. Yatsun ƙafarsa suka lanƙwashe. Wani daga baya ya ce, "Ale, Alhaji, dira!" aka yi dariya kaɗan, ta mutu. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ga ɗigon ruwa ya faɗo daga bakin kwano sau uku.

Sai ya mayar da ƙafar kan benci. Ya sauko ta ɗaya gefen, a hankali, yana dafa kafaɗar 'yarsa. Ya sa takalminsa, ya karɓi hularsa ya daidaita ta.

"Tsofaffin naki," ya ce mata, "za su kai ki jarrabawar?"

"Za su kai, Papa. In an wasa su sau ɗaya za su kai."

"To."

Ta ɗauki hoton layin da wayarta kafin allin ya kaɗe, ta ce za ta aika wa masu shagon da aka saya. Na zare ƙarfen daga kututture, ban goge shi ba, na naɗe shi da takarda na mayar kwali. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi mini godiya ƙasa-ƙasa yadda shi ba zai ji ba. Alhaji ya tsayar da taksi. Bai yi mini sallama ba.

Litinin ta zo, wuƙaƙensa ba su zo ba. Ta sama ma haka. Na ji ya koma wurin wani mai injin lantarki a bakin kasuwa, wasu daga cikin mahautan suka bi shi, wasu suka tsaya. Shekara uku ke nan. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, mu yi musabaha, ya tambayi iyali, in tambayi iyali. Ban ga laifinsa ba. Na sa shi ya tuɓe takalmi a gaban 'yarsa da mai gasa masara, kuma da na nutsu na san akwai hanyar da ta fi wannan taushi, ban dai same ta ba a lokacin. Matata ce ke jin labarin Zulai wurin mata, ta ce har yanzu tana can tana tsalle-tsallenta a kan ƙanƙara.

Samari kan tambaye ni, in na ba su wannan labarin, to Baba, da ya dira, zai karye ko ba zai karye ba? Suna so in ce zai karye, don labarin ya yi daɗi. Ban sani ba. Ba wanda ya sani, kuma ba wanda zai sani, domin har aka mayar da ƙarfen nan inda ya fito, ƙafar ɗan kowa ba ta sauka a kansa ba.